Yadda ake ba da labarin abin da ya wuce da Turanci ba tare da rikita lokaci ba

A Yola da Jimeta, mutane na gudanar da harkokinsu na yau da kullum da Hausa da Fulfulde, baya ga harsunan gida irin su Bata, Bachama, Kilba da Margi. Amma kusan duk abin da zai shiga kundin hukuma da Turanci yake shiga: jawabin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda, takardar rantsuwa a babbar kotu, wasiƙar neman aiki ko tallafi, da amsar da ɗalibi zai rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO.

Yawancin waɗannan takardu labarin abin da ya riga ya faru suke ɗauke da shi, kuma wurare biyu aka fi yin tuntuɓe a cikinsu. Na farko shi ne zaɓen siffar aikatau. Na biyu kuwa shi ne zaɓen 'yan ƙananan kalmomin da ke gabatar da lokaci, irin su “in”, “on”, “at”, “since” da “for”. Kuskure a ɗayansu na iya rage wa ɗalibi maki a darasin da sai da kiredit ɗinsa ake samun gurbi a jami'a. A wasu takardun ma, kuskuren na iya juya ma'anar zancen gaba ɗaya, har ya sa mai magana ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Inda Hausa da Turanci suka raba hanya

Tushen matsalar na cikin yadda kowane harshe ke kallon aiki. Hausa ta fi damuwa da halin da aikin yake ciki: ya kammala, yana gudana, ko an saba yin sa. Sauran bayanin lokaci kuwa, muhallin zancen ne ke bayar da shi. Bahaushe zai ce “ya tafi Mubi jiya”, ya ce “ya tafi yanzun nan”, ya ce “da muka iso ya riga ya tafi”, har ma ya ce “kafin ka iso gobe ya tafi”. A duk jimlolin huɗu, “ya tafi” bai sauya ba, alhali ta ƙarshe ma zancen gobe take yi.

Turanci zai buƙaci siffofi huɗu dabam-dabam: “went”, “has gone”, “had gone” da “will have gone”. Wanda ya taso da Hausa yana da maɓalli ɗaya a hannunsa, ga shi kuma a gaban ƙofofi huɗu.

Akwai wani tarko ga waɗanda suka karanci nahawun Hausa a makaranta. Littattafai na raba shuɗaɗɗen lokaci gida biyu, na ɗaya irin su “sun zo”, da na biyu irin su “suka zo”. Wasu ɗalibai kan ɗauka cewa “sun zo” ita ce “have come”, “suka zo” kuma ita ce “came”. Wannan lissafi ba ya tsayawa. Ginin jimla ne ke kawo “suka”, wato bayan kalmomi irin su “da” da “waɗanda”, ko cikin tambaya, ko a jeren labari. Ana cewa “baƙi sun zo jiya”, a kuma ce “jiya baƙi suka zo”, kuma dukansu “came” za su ɗauka a Turanci.

Masu jin Fulfulde na da ɗan abin da zai taimaka musu, domin harshen na da ƙwayar “no” da ake ƙarawa ga aikatau don tura shi baya. Duk da haka, shi ma ya fi karkata ga kammaluwar aiki ko rashin kammaluwarsa, don haka su ma suna cin karo da irin wannan matsala.

Aikin da ya wuce, lokacinsa kuma ya rufe

Siffa ta farko ita ce wadda littattafan Turanci ke kira “simple past”. Da ita ake amfani idan aikin ya faru a wani lokaci da ya riga ya shuɗe, ko an ambaci lokacin ko mai sauraro ya san shi. Tarihin Yola cike yake da misalai. Modibbo Adama ya kafa garin a 1841: “Modibbo Adama founded Yola in 1841.” Turawan Ingila sun ci garin da yaƙi a watan Satumban 1901, zamanin Lamido Zubairu: “British forces captured Yola in September 1901.”

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce, da zarar an ambaci lokacin da ya shuɗe, kamar “yesterday”, “last week”, “in 2012” ko “three years ago”, to “have” da “has” ba su da gurbi. Jimlar “I have seen him yesterday”, wadda ake yawan ji a ofisoshi da makarantu, fassara ce kai-tsaye ta “na gan shi jiya”. Daidai shi ne “I saw him yesterday.”

Kurakurai biyu na yawan bin wannan siffa. Na farko, idan “did” ta shigo cikin tambaya ko korewa, ita ke ɗaukar nauyin lokacin, aikatau kuma ya koma asalinsa. Ana cewa “Did you go to Girei?” da “He did not come”, ba a cewa “did you went” ko “did not came”. Na biyu ya shafi fassarar “an” da “aka”. Idan aka ce “an ƙirƙiri Jihar Adamawa a 1991”, Turanci na buƙatar “was”: “Adamawa State was created in 1991.” Idan aka yar da “was”, jimlar za ta nuna cewa jihar ce ta ƙirƙiri wani abu. Amma aikatau irin su “die”, “happen” da “arrive” ba sa karɓar wannan gini, domin ba a yi wa kowa su. Don haka “he was died” kuskure ne, “he died” ake cewa.

Aikin da igiyarsa ke haɗe da yau

Siffa ta biyu, “present perfect”, ita ce mai “have” ko “has”. Tana aiki ne idan abin da ya faru a baya bai yanke hulɗa da yanzu ba: ko dai yana ci gaba, ko sakamakonsa na nan, ko kuma lokacin da ake magana a kansa bai ƙare ba.

Matsayin Yola kansa ya isa misali. An ƙirƙiri Jihar Gongola ranar 3 ga Fabrairun 1976, Yola ta zama babban birninta. Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba. Tunda Gongola ta kau, sai a ce “Yola was the capital of Gongola State from 1976 to 1991.” Adamawa kuwa tana nan, don haka sai a ce “Yola has been the capital of Adamawa State since 1991.”

Haka yake ga sarauta. Marigayi Lamido Aliyu Musdafa ya yi mulki daga 1953 zuwa rasuwarsa a watan Maris na 2010: “He reigned for more than fifty years.” Ɗansa, Lamido Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa, ya gaje shi a watan: “He has reigned since March 2010.” Wanda ya rubuta “has reigned” game da marigayin ya nuna yana raye, wanda kuma ya rubuta “reigned” game da mai ci ya nuna ya sauka ko ya rasu. A labarin jarida, wannan kuskure ne da zai iya tayar da hankalin jama'a.

A siyasa ma haka. Ahmadu Umaru Fintiri ya riƙe jihar a matsayin muƙaddashin gwamna na 'yan watanni a 2014, sannan aka rantsar da shi zaɓaɓɓen gwamna ranar 29 ga Mayun 2019. Na farkon ya rufe: “He served as acting governor in 2014.” Na biyun kuwa, muddin yana kan kujera, “has been” zai ɗauka tare da “since 2019”.

Mai neman aiki ya kamata ya lura da wannan sosai. “I worked as a teacher for five years” na nufin ya bar koyarwar. “I have worked as a teacher for five years” na nufin har yanzu yana ciki. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma mai ɗaukar aiki zai fahimci abubuwa biyu dabam.

Ita ce kuma siffar da ke fassara “taɓa” idan ba a ambaci lokaci ba. “Ka taɓa zuwa Sukur?” za ta zama “Have you ever been to Sukur?” Akwai bambanci tsakanin “has been to” da “has gone to”. Ta farko na nufin ya je ya dawo, ta biyu kuma ya tafi bai dawo ba.

Abin da ya riga wani abu faruwa

Siffa ta uku, “past perfect”, ita ce mai “had”. Aikinta shi ne nuna cewa cikin abubuwa biyu da suka wuce, ɗaya ya riga ɗaya. Ita ce mafi kusa da “ya riga ya” ko “tuni” a Hausa.

Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya isa Yola a watan Yunin 1851, shekaru kaɗan bayan rasuwar Modibbo Adama, lokacin da ɗansa Lamido Lawal ke kan gadon mulki. Idan aka rubuta “When Barth reached Yola, Modibbo Adama had died”, an faɗi gaskiyar tarihi. Idan aka cire “had”, jimlar za ta nuna cewa isowar Barth ke da wuya Modibbo ya rasu, wanda ba haka ba ne.

A gaban shari'a ne wannan bambanci ya fi tsada. Mutum ya ce da Hausa: “Da na isa shagon, yaron ya ɗauke kuɗin.” Mai rubuta jawabi na da zaɓi biyu. Idan ya rubuta “When I reached the shop, the boy took the money”, ya mayar da mai maganar shaidan gani da ido. Idan ya rubuta “the boy had taken the money”, ya nuna cewa mai maganar ya tarar an riga an yi, wataƙila ma labari aka ba shi. Dokar Shaida ta 2011 ta bambanta abin da mutum ya gani da abin da ya ji daga bakin wani, kuma a bisa ƙa'ida ba a karɓar na biyun sai a wuraren da doka ta keɓe. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi 'yancin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Amfanin wannan 'yanci ya rataya ne a kan tafintan da zai tsaya ya tambaya: a gabanka aka ɗauka, ko ka tarar an ɗauka? Shi ma mai ba da jawabi, ya kamata ya nemi a karanta masa, a fassara masa, kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Sai dai wasu kan wuce gona da iri, su ɗauka cewa “had” na nufin abin da ya daɗe da faruwa. Tsufan labari ba ya kawo “had”. Idan ana jero abubuwa bisa yadda suka faru, na farko sai na biyu sai na uku, siffar farko ta wadatar, ko da labarin na ƙarni na 19 ne. Sai an waiwaya baya daga tsakiyar labarin ake buƙatar “had”.

Ana cikin yi, da abin da aka saba yi

“Yana” da “suna” na iya nufin yanzu, suna kuma iya nufin da. A Turanci, idan zancen da ne, “was” ko “were” ake sa wa tare da aikatau mai ƙarewa da “ing”. Wanda ke rubuta takardar neman tallafi bayan ambaliya, irin wadda aka yi a 2012 da 2022 a garuruwan da ke gaɓar kogin Binuwai, zai so ya ce “muna barci ruwa ya shigo”. Turancinsa shi ne “We were sleeping when the water came in.” Dogon aikin da ake cikin yi ya ɗauki “were sleeping”, gajeren da ya katse shi ya ɗauki “came”.

Lokaci sabau, wato mai “kan”, shi ne ya haifar da ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi yaɗuwa a Turancin Arewa. Mutum na son cewa “nakan je kasuwar Jimeta kullum”, sai ya ce “I use to go to Jimeta market every day.” Turanci ba shi da wannan gini ga abin da ake yi yanzu, “I go” ko “I usually go” ake cewa. “Used to” ta keɓanta ga abin da aka saba yi a da aka kuma daina, daidai da “da nakan je”. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa “I used to come to work early” da nufin kare kansa, ya amsa laifi ne bai sani ba, domin cewa ya yi a da yana zuwa da wuri, yanzu ya daina.

“In”, “on” da “at”

Hausa na iya amfani da “a” ga shekara da wata da rana, ta yi amfani da “da” ga sa'a da sassan yini. Turanci ya raba su bisa faɗin lokacin. “In” ta ɗauki mai faɗi: ƙarni, shekara, wata da yanayi, kamar “in 1991”, “in August”, “in the rainy season”. “On” ta ɗauki rana guda, ko da sunanta ko da kwanan watanta: “on Friday”, “on 27 August 1991”, “on Sallah day”. “At” ta ɗauki ɗigon lokaci: “at 4 p.m.”, “at noon”, “at dawn”.

Idan shekara da wata da rana suka haɗu a jimla, mafi ƙanƙanta ne ke zaɓen kalmar. Shi ya sa ake cewa “in August 1991”, amma da an saka kwanan watan sai ta koma “on”. Sassan yini na ɗaukar “in”, kamar “in the morning” da “in the evening”, ban da dare, wanda ake cewa “at night”. Amma idan aka haɗa su da sunan rana, “on” ke rinjaye: “on Monday morning”. Kalmomin “yesterday”, “last” da “this” kuwa ba sa buƙatar komai a gabansu. “He came last Friday” ake cewa, “on last Friday” kuskure ne. “Daren jiya” kuma “last night” ne.

“Since”, “for”, “ago”, “by” da “until”

“Tun” ce ke jawo rikici tsakanin “since” da “for”. “Since” na bin mafarin lokaci: shekara kaza, rana kaza, ko faruwar wani abu. “For” na bin tsawon lokaci: kwana nawa, wata nawa, shekara nawa. Don haka “since 2019” daidai ne, “for six years” daidai ne, amma “since six years” kuskure ne. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya gwada da Hausa: idan “tsawon” ta shiga, “for” ce, idan amsar “tun yaushe?” kwanan wata ce, “since” ce.

“Ago” ita ce “da suka wuce”, kuma daga yau take ƙirge zuwa baya, shi ya sa take tafiya da siffar farko: “He left two days ago.” Idan daga wani lokaci na baya ake ƙirgen, “earlier” ko “before” ake sa wa, tare da “had”.

“By” da “until” ma kan rikice. Mayaƙan Boko Haram sun kama Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, aka kuma ƙwato garin cikin Nuwamba. “Until” na nuna halin da ya ci gaba har zuwa wani lokaci sannan ya tsaya: “They held the town until November.” “By” kuwa na nuna cewa kafin cikar lokacin an riga an gama: “By December, troops had recaptured the town.” Ta farko “har zuwa” ce, ta biyu “ya zuwa” ko “kafin”. Haka nan “during” na amsa tambayar “a cikin wane lokaci?”, kamar “during the flood”, ba ta amsa “tsawon wane lokaci?”

Kanun labarai da maganar da aka ruwaito

Jaridun Turanci kan rubuta kanun abin da ya wuce da siffar yanzu, kamar “Flood hits Yola”. Salon aikin jarida ne, kuma ma'anarsa “ambaliya ta afka wa Yola”. Ɗalibin da ya kwaikwayi wannan salo cikin insha'i zai rasa maki. Kan labari mai “to”, kamar “Governor to visit Numan”, shi kuma zancen gaba ne: gwamna zai ziyarci Numan.

A cikin labarin kuwa, idan aka fara da “said”, aikatan da ke biye kan ja da baya mataki ɗaya. Wanda ya ce “I have paid” za a ruwaito shi da “he said he had paid”, wanda ya ce “I will pay” kuma da “he said he would pay”. Hausa ba ta yin wannan ja da baya: “ya ce ya biya”, “ya ce zai biya”. Mai fassarar da ya ɗauki “would” a matsayin abin da ya wuce zai sanar da jama'a cewa an biya kuɗin da alkawarinsa kawai aka yi.

Turancin Ingila da na Amurka

Makarantun Nijeriya sun gaji salon Ingila, amma Yola na da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ya kafa, ga kuma tasirin intanet da finafinai. Amurkawa kan ce “I just ate” inda mutanen Ingila suka fi cewa “I have just eaten”, su ce “on the weekend” inda waɗancan ke cewa “at the weekend”. Duka biyun karɓaɓɓu ne a muhallinsu, abin da ake so shi ne marubuci ya riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe.

Inda haɗarin yake shi ne rubuta kwanan wata da lambobi zalla. A Nijeriya, 03/02/1976 na nufin 3 ga Fabrairu, amma Ba'amurke zai karanta shi 2 ga Maris. Ga mai cike fom ɗin neman karatu ko biza, mafita ita ce ya rubuta sunan watan da haruffa.

Kafin a miƙa kowace takarda, yana da kyau a bi jimlolinta da tambayoyi huɗu. An ambaci lokacin da ya shuɗe? To a cire “have”. Abin na ci gaba har yau? To a sa “have” ko “has”, tare da “since” ko “for”. Akwai abin da ya riga wani faruwa, kuma jeren labarin bai nuna hakan ba? To a sa “had”. Lokacin da aka ambata shekara ce ko wata, rana ce, ko sa'a? Amsar ita za ta zaɓi “in”, “on” ko “at”. Idan kuma fassara ake yi daga bakin wani, kuma Hausarsa ta bar ƙofa biyu a buɗe, sai a koma a tambaye shi wadda yake nufi kafin a rubuta.